Jijiya Ce Ko Tsoka? Abin Da Mara Lafiya Ke Faɗa Da Abin Da Likita Ke Rubutawa

Gwaggona ta yi sati uku tana fama da ciwo daga bayan wuya har kan kafaɗa. An shafa man zafi, an gasa da ruwan ɗumi, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ranar da na raka ta asibiti, likita ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, me ke damun ki?" Ba ta yi wata-wata ba ta ce, "Likita, jijiya ce. Jijiya ce ta hau kan 'yar'uwarta." Ya taso ya danna wurin da babban yatsa, ta yi 'yar ƙara. Ya sa ta juya wuya dama da hagu, ya miƙa mata yatsunsa biyu ya ce ta matse da iyakar ƙarfinta, sannan ya tambaya ko hannun yana mutuwa, ko tana jin kamar kiyashi na bin fatar. Ta ce a'a. Ya rubuta kalma ɗaya a kati, ya jera magunguna a ƙarƙashinta.

A gida jikanta ɗan sakandare ya ɗauki katin ya karanta da ƙarfi: mayaljiya. Gwaggo ta dafe ƙirji ta yi salati. "Wannan kuma wace irin cuta ce?" Da na ce mata ciwon tsoka kawai ake nufi, sai tsoro ya koma haushi. "To ai abin da na gaya masa ke nan! Don wannan muka bi layi tun asuba?"

Ban yi mata musu ba, gwaggo ce. Amma ba abin da ta gaya masa ba ke nan. Ita jijiya ta ce, shi kuwa tsoka ya rubuta, kuma duk danne-dannen nan da tambayoyin da ya jero, rarrabe waɗannan biyun yake yi. Da hannun yana mutuwa, ko da matsar da ta yi masa ba ta da ƙarfi, da wata kalma dabam ya rubuta, da kuma wataƙila hoton ƙashin wuya aka tura mu ɗauka.

Kalmar jijiya a bakin Bahaushe jaka ce mai ɗaukar kaya huɗu. Hanyar jinin da ma'aikaciyar jinya ke lalube a bayan hannu don ta sa ƙarin ruwa, jijiya ce. Farin zaren da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka yana kai saƙo ga gaɓoɓi, shi ma jijiya. Igiyar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, wadda wuƙar mahauci ke zamewa a kanta, jijiya. Maɗaurin da ke riƙe ƙashi da ƙashi a gaɓa, jijiya. Wani lokacin ma ita kanta tsokar, in ta ɗaure ta yi tauri kamar igiya a ƙarƙashin fata, jijiya muke ce mata. Ko karin maganar nan ta ta da jijiyar wuya, in ka lura da wuyan mai gardama da kyau, abu biyu ne ke tashi: hanyar jini da ta cika saboda ihu, da kuma doguwar tsokar da ta taso daga bayan kunne ta gangaro ƙirji. A asibiti kuwa kowane ɗaya daga cikin kayan nan sunansa dabam, cutarsa dabam, likitansa ma sau da yawa dabam.

Kada wani ya ɗauka wannan gazawar Hausa ce. Girkawan da aka aro yawancin kalmomin likitanci daga harshensu sun yi ƙarnoni cikin irin wannan cakuɗar. Kalmarsu ta niyuron, wadda yau ta zama tushen sunan duk abin da ya shafi jijiyar saƙo, asalinta igiyar tsoka take nufi, har da tsarkiyar baka, domin da ita ake yin tsarkiyar. Sai wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a birnin Iskandariya na Masar, wani likita mai suna Herofilus ya feɗe gawarwaki ya nuna cewa fararen zaruruwan nan ba iri ɗaya ba ne: wasu ja kawai suke yi, wasu kuwa daga ƙwaƙwalwa da laka suka fito, da su ake ji, da su ake motsi. Larabci ma haka, kalmar asab tana ɗaukar ma'anonin biyu. Wato ido ne ya haɗa su, don duk farare ne masu kama da zare. Wuƙa da haƙuri suka raba su.

Ita kalmar tsoka a harshen likitoci, asalinta abin dariya ne. A Latin muskulus ake cewa, ma'anarsa ɗan ƙaramin ɓera. Girkanci ma kalma ɗaya ce ta ɓera da ta tsoka. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan dambe yana murza ƙwanji, tsokar tana gudu sama da ƙasa a ƙarƙashin fata, zai gane abin da suka gani. Daga wannan ɓeran na Girka aka sami gutsuren da ake rubutawa da haruffa uku, m, y, o, ake furta shi mayo. Duk inda ka gan shi a farkon kalma a katin asibiti, maganar tsoka ake yi. Abin da ya biyo baya shi ke faɗin me ya same ta. Aljiya ciwo ne, shi ya ba mu mayaljiyar gwaggo. Aitis kumburi ne mai zafi, don haka mayosayitis kumburin tsoka ne. Fati cuta ce a dunƙule, mayofati ke nan, cutar da ke cikin tsokar kanta. Oma ƙari ne. Ektomi yankewa a cire. Kalmomin da ke firgita mutane a kati, yawancinsu tubali biyu ne ko uku aka ɗora kan juna, kamar yadda muke cewa ciwon kai ko kumburin ƙafa. Bambancin kawai su sun manne nasu wuri guda.

Kafin a je ga cututtuka, a tsaya gaban teburin mahauci, don babu ajin da ya fi shi. Jan naman da muke kira tsoka ɗin, shi ne dai tsokar da likita ke nufi, babu wani bambanci. Jikin mutum yana da irinta fiye da 600, kuma a jikin namiji baligi sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa. Mai dambun nama ta san sirrinta fiye da ɗalibin da ya haddace littafi: in an dafa an daka, naman ba ya farfashewa kamar dankali, warwarewa yake yi zare-zare, duk suna kwance ta fuska ɗaya. Waɗannan zaruruwan ne ke gajarcewa idan saƙo ya zo, su ja ƙashi. Farin tantanin nan mai sheƙi da mahauci ke ɗayewa daga jikin tsoka kafin ya yanka kilishi, likitoci fasiya suke ce masa, kalmar Latin mai nufin ƙyallen ɗauri. Inda tsokar ta tsuke ta koma farar igiya ta kama ƙashi, wannan shi ne tendon. Wanda ya haɗa ƙashi da ƙashi kuwa ligamen, daga kalmar ɗaurewa. Har bambancin launin naman kaza yana da bayani. Cinya ta fi ƙirji duhu saboda wani sinadari mai riƙe iskar numfashi a cikin tsoka, mayogulobin, wanda ya fi yawa a tsokar da ke aiki yini guda ba hutu. Kazar gida da ke yawon tone-tone tun safe shi ya sa cinyarta ta fi ta gidan gona duhu da tauri.

Akwai kuma tsokar da ba ma kira tsoka. Tumbi da hanji, mafitsara, mahaifa, bangon hanyoyin jini da na numfashi, duk akwai tsoka a jikinsu, mai santsi wadda ba ta jiran umarnin mai ita. Murɗawar ciki aikinta ne, naƙuda ma haka. Zuciya kuwa tsoka ce iri na uku, mai zaman kanta, mayokadiyam.

Sunayen tsokoki ɗai-ɗai su ne suka fi ba ɗalibai wahala, alhali su ne suka fi sauƙi in an fassara. Waɗanda suka raɗa su abin da ke gabansu suka duba. Ƙwanji baisef ne, wato mai kai biyu, don a sama ya rabu biyu. Na bayan damtse mai kai uku, tiraisef. Na gaban cinya mai kai huɗu. Tsokar kan kafaɗa, inda ake yi wa manya allurar rigakafi, deltoyid ce, saboda ta yi kama da harafin delta na Girka mai kusurwa uku. Ta muƙamuƙi maseta, mai tauna. Ta kumatu baksineta, mai busa ƙaho, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita ko mai kakaki a ƙofar fada ya ga wannan tsokar tana cin wuya. Wadda ta fi kowace tsawo, da ta taso daga ƙugu ta ratsa cinya a karkace ta sauka ƙasan gwiwa, satoriyas ce, wato ta tela, don ita ke taimakawa a yi zaman harɗe irin na masu ɗinkin hannu. Ka tuna masu aikin babbar riga da hula a zaure. Doguwar tsokar wuyan nan ta mai gardama, sunanta dogo ne ƙwarai, sitanokilidomastoyid, amma kwatance ne kawai irin na mai ba da adireshi: daga ƙashin ƙirji, da ƙashin da ke gicciye a gindin wuya, zuwa tudun bayan kunne.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta bayan ƙwauri. Girkawa suka dube ta suka ga tumbi, suka ce gastironimiyas, cikin ƙafa. Bahaushe ya dube ta ya tuna sammakon gona cikin ciyawa, ya ce sha-raɓa. A gaskiya tamu ta fi daɗi. Igiyar da ta haɗa ta da dunduniya, wadda ta fi duk igiyoyin jiki kauri da ƙarfi, Turawa sai da suka je tatsuniyar Girka suka aro sunan wani jarumi, Akilis, wanda aka ce ba a iya kashe shi sai ta diddige. Mu muna da kalma guda tak, agara.

Ba a rana ɗaya aka daidaita sunayen nan ba. Jalinus, wanda malamanmu na zaure suka sani ta littattafan ɗibbu na Larabci, ya yi aiki a ƙarni na 2 yana ɗinke raunukan 'yan wasan takobi, amma yawancin fiɗar da ya yi ta dabbobi ce. Andreas Vesalius, da ya fitar da babban littafinsa na surar jikin mutum a 1543, lambobi ya riƙa ba tsokoki da yawa, ta ɗaya, ta biyu. Bayansa kowane malami ya yi ta raɗa nasa sunan, har abu ɗaya ya tara sunaye barkatai. A 1895 masana suka taru a Basel ta ƙasar Suwizalan suka tace sunayen sassan jiki daga kusan 50,000 zuwa 5,000 da ɗoriya. Jerin da ake aiki da shi yanzu a 1998 ya fara fitowa. Amfanin wannan wahalar shi ne likitan Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci da na Katsina da ya yi da Ingilishi, in ɗaya ya rubuta takardar tura mara lafiya, ɗayan zai gane wace tsoka ake nufi.

To, ga inda rarrabewar ke zama maganar rai da lafiya.

A ɗauki shan inna. Uwa tana ganin ƙafar ɗanta ta saki, bayan watanni ta tsotse ta zama siririya, dole ta ce naman ƙafar ne ya lalace. Sunan cutar a asibiti foliyomayelaitis, kuma mai gaggawa zai ji mayo a ciki ya ce ai ga tsoka nan. Tarko ne. Wannan mayelo ne, da harafin e da l, ma'anarsa ɓargo ko laka. Foliyo kuma toka-toka. Wato kumburin sashen laka mai launin toka, inda jijiyoyin da ke ba tsoka umarni suke da tushe. Ƙwayar cutar ba ta taɓa tsokar ba, mai aiko mata saƙo ta kashe. Tsokar da ta daina samun saƙo kuwa ramewa take yi, abin da ake kira atirofi, wato rashin ciyarwa. Shi ya sa duk tausa da shafe-shafen da za a yi wa ƙafar ba sa dawo da abin da ya mutu a laka, sai dai gashi da motsa gaɓa su hana ta ƙagewa, su ƙarfafa tsokokin da suka tsira. An ga na ƙarshen masu ɗauke da asalin ƙwayar cutar a Najeriya a jihar Borno a 2016, kuma a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana Afirka ta rabu da ita, ko da yake ana ci gaba da ɗigon rigakafi saboda wani nau'in da ya rage. Har yau duk yaron da bai kai shekara 15 ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ana ɗaukar bahayarsa a kai gwaji.

Shanyewar ɓarin jiki ma haka take. Hannu da ƙafa lafiyarsu ƙalau, a ƙwaƙwalwa ɓarnar ta auku. Hemi rabi ne, filejiya shanyewa, faresis kuwa rauni ne da bai kai shanyewa ba. Wanda aka rubuta wa hemifaresis yana iya ɗaga hannun da ƙyar, wanda aka rubuta wa hemifilejiya ba ya iyawa.

Sai allura, inda kalmar jijiya ta fi yin ɓarna. Haruffa biyu ake rubutawa a takardar magani. IM na nufin cikin tsoka, IV na nufin cikin hanyar jini. Mu kan ce allurar ɗuwawu da allurar jijiya, kuma wannan ya wadatar. Amma idan aka ce allura ta taɓa wa yaro jijiya, ba waccan jijiyar ta IV ake nufi ba. A ƙarƙashin babbar tsokar ɗuwawu akwai jijiyar saƙo mafi kauri a jiki, sayatik, mai gangarawa har tafin ƙafa. Shi ya sa ake koya wa ma'aikatan lafiya su raba ɗuwawu gida huɗu a ido, su soka a na sama ta waje kaɗai, jarirai kuma a yi musu a gefen cinya. Mai shagon maganin unguwa da bai san wannan ba, ya soka a tsakiya yaro yana fizge-fizge, sai a wayi gari ƙafa ta saki, yaro yana jan ta, yatsu suna sharar ƙasa. Ni a ganina da kowace uwa ta san akwai jijiyoyi iri biyu a wannan zancen, kuma ta san wane gida cikin huɗun nan ne na allura, da ta riƙe hannun mai sokawa tun kafin ya soka.

Targaɗe shi ma kalma ɗaya ce mai rufe abu biyu. Ɗan ƙwallo da ya zabura da gudu ya ji wani abu ya tsinke a bayan cinya, tsoka ce ko igiyarta ta yage. Wanda ya taka rami idon sawu ya lanƙwashe, maɗaurin gaɓa ne ya ja ko ya tsage. Tsoka cike take da jini, shi ya sa take saurin warkewa. Agara da maɗaurin gaɓa farare ne don jinin da ke isa gare su kaɗan ne, warkewarsu sai an yi haƙuri na makonni, wani lokacin watanni. Masu ɗori na gargajiya da yawa sun san wannan da hannu ko da ba su san sunan ba. Inda ake samun matsala shi ne a ɗaure gaɓa mai kumburi tamau da karare. Tsokokin damtse da na ƙwauri suna zaune ne cikin ɗakunan tantanin nan na fasiya, wanda ba ya miƙewa. Kumburi daga ciki, ɗauri daga waje, jini ya kasa shiga, cikin sa'o'i kaɗan tsoka ta fara mutuwa. Yatsun da suka yi sanyi, suka canza launi, ga azabar da ta wuce misali, ba alamar ɗori yana kamawa ba ce.

Mata kuwa kalmar da suka fi haɗuwa da ita ita ce mayoma, ƙarin mahaifa da aka fi sani da faibiroyid. Cikakken sunansa layomayoma, ƙarin tsoka mai santsi, don daga tsokar bangon mahaifa yake tsirowa. Ya fi yawa a mata baƙar fata, kuma ba kansa ba ne. Wannan wutsiyar ta oma ƙari kawai take nufi. Mugun ƙarin da ke fitowa daga tsoka da dangoginta sunansa sakoma, daga wata kalmar Girka mai nufin nama. Akwai kuma kalmomi biyu da ya kamata duk matar da za ta sa hannu a takardar tiyata ta bambance, ita da mijinta. Mayomektomi cire ƙarin ne a bar mahaifa. Histarektomi cire mahaifar ce gaba ɗaya. A Hausa duka biyun "za a yi mata aiki" ne.

Tsokar zuciya ma tana da nata. Abin da ake kira bugun zuciya, mutuwar wani yanki ne na mayokadiyam saboda hanyar jinin da ke ciyar da shi ta toshe. Kadiyomayofati kuwa, in ka warware tubalan, zuciya, tsoka, cuta: tsokar ce ta saki ta kasa harba jini. Akwai nau'insa da ke kama mata a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, da kumburin ƙafa da haki da kasa kwanciya a miƙe. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970 saboda yawansa a ƙasar Hausa, suka danganta shi a lokacin da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya ƙaro wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Mai jegon da ke haki ba kasala ce ke damun ta ba.

Cututtukan da ke cikin tsokar kanta ba su kai waɗannan yawa ba, amma uku sun cancanci a san su. Na farko fayomayosayitis, fayo shi ne mugunya: ƙurji ne da ke taruwa can cikin tsoka, galibi a cinya, ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu. Daga waje ba a ganin baki ko kai, sai tauri kamar itace da zazzaɓi, shi ya sa ake ɓata lokaci ana neman maganin sammu ko na daji alhali abin da yake buƙata a tsaga a fitar da ruwan a ba da maganin ƙwayoyin cuta. Na biyu rabdomayolisis, narkewar tsoka. Wani likita a Landan, Eric Bywaters, ya bayyana shi a 1941 a jikin mutanen da gini ya danne lokacin ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu: a zaro su da rai, bayan kwanaki ƙoda ta tsaya. Mayogulobin ɗin nan na cinyar kaza, in tsoka ta dagargaje, shi ke kwarara cikin jini ya toshe ƙoda, fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Ba sai gini ya faɗo ba. Mugun duka yana jawo shi, haka atisaye mai tsanani a tsakiyar zafin bazara ba tare da shan ruwa ba. Wanda aka lakaɗa wa duka ya ga fitsarinsa ya yi duhu, asibiti ya kamata ya kwana.

Na uku ya fi ban tausayi, distirofi irin na Duchenne, sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a shekarun 1860. Dis na nufin abin da ya tafi ba daidai ba. Kusan yara maza kaɗai yake kamawa, wajen ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Yaro ya fara tafiya lafiya, wajen shekara 3 zuwa 5 a ga yana yawan faɗuwa, in zai tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwa ya dafa cinya, yana hawa jikinsa da hannu kamar mai hawa tsani. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne sha-raɓarsa manya ne, cike, kamar na ɗan kokawa. Girman tsoka na gaske, irin na maƙeri ko mai faskare, haifatirofi ake ce masa. Na wannan yaron na bogi ne, kitse da tabo ne suka maye gurbin tsokar, shi ya sa likitoci ke ƙara sudo a gaban kalmar, wato na ƙarya. Ta wajen uwa ake gadonsa, amma kusan ɗaya cikin uku sabon canji ne da ya faru ba tare da kowa a dangi yana da shi ba, abin da ya kamata dangin miji su ji da kyau kafin su fara nuna yatsa.

A tsakanin jijiya da tsoka kuma akwai 'yar mahaɗa inda saƙo ke tsallakawa, ita ma tana da cutarta, mayastiniya girabis, raunin tsoka mai tsanani. Mai ita yakan tashi garau da safe, kafin la'asar fatar ido ta sauko, tauna ta gagara. A nan in mara lafiya ya ce jijiya bai yi kuskure ba, in ya ce tsoka ma haka.

Ban ga amfanin a zauna a ɗaki a ƙera wa kowace tsoka 600 sabon sunan Hausa ba. Ba wanda zai riƙe su, likitocin ma ba za su yi amfani da su ba. Abin da ke da amfani ƙarami ne, kuma rabinsa an riga an yi. Masu shirin lafiya a rediyo sun saba cewa jijiyar jini, kowa ya gane. Saura a dage da cewa jijiyar laka ko jijiyar saƙo ga mai kai umarni. Agara kuwa a sake ta daga dunduniya ta zama sunan duk igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, agarar gwiwa, agarar kafaɗa, kamar yadda niyuron ta bar tsarkiya ta koma ƙwaƙwalwa. Na ƙashi da ƙashi a ce maɗaurin gaɓa. Likita Bahaushe da ya rubuta tendinaitis, ba abin da zai rage masa in ya ɗago ya ce, "Baba, agarar kafaɗarka ce ta kumbura, ba hanyar jini ba ce, ba kuma shanyewa za ka yi ba." Dattijon da ya yi shekara 50 yana fiɗar ragon layya da hannunsa ya san agara sarai.

Bayan kamar shekara guda muka koma da gwaggo, wannan karon tafin ƙafa ne. Ta ce da dare yana yi mata zafi kamar ta taka garwashi, da rana kuma kamar tana tafiya a kan auduga, har silifa ya fice ba ta sani ba. Likita ya ce, "Hajiya, me kike gani?" Ta ce, "Jijiya ce." Ya goga mata wani siririn zare a yatsu, ba ta ji ba. Ya sa aka auna sukari, aka samu ya hau. A kati ya rubuta niyurofati. Tun a mota ta miƙo mini katin ta ce in fassara, na ce cutar jijiya ke nan, Gwaggo, ta saƙon. Ta gyara mayafi ta kalli taga.

"Ai tun bara nake gaya muku."